Yadda Manoman Doguwa Suka Kai Ƙarar Haladu

Tun da muka dawo daga rangadin kudancin Kano ban huta ba. A masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, har matar maƙwabcina ta sa mijinta ya tambaye ni wai da gaske ne manoma sun kai ƙarar Haladu a gaban Hajiya Shugaba. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. To ga shi nan a rubuce, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, ina aiki a hedikwatar hukumar aikin gona ta jiha, a sashen kula da ma'aikata. Aikin gona na karanta, amma rabona da riƙe fartanya tun muna makaranta. Ni ɗan birni ne, ina son fanka, ina son shayina da safe, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

Abin da ya fitar da mu shi ne daraktan malaman gona ya yi ritaya, kujerarsa ba kowa. Sabuwar shugabarmu, wadda duk muke kira Hajiya Shugaba, ta ce ita ba za ta zaɓi mutum daga ofis ba, sai ta je ta ga shugabannin shiyya a bakin aikinsu, ta ji abin da manoma ke faɗa a kansu. Cikin waɗanda ake dubawa har da Haladu, shugaban ofishinmu na Doguwa, abokina tun muna ɗalibai. Shekarunsa da yawa a can, iyalinsa kuwa suna Kano saboda matarsa malamar makaranta ce kuma ita ke kula da mahaifiyarsa. Ana gobe za mu tashi ya kira ni a waya ya ce, "Nasiru, zuwana gida na ƙarshe autana ɓuya ya yi a bayan uwarsa, ya ɗauka baƙo aka yi. Ina son kujerar nan, ba don girmanta ba. So nake in koma gida." Da wannan maganar na shiga mota, kuma ba zan yi ƙarya ba, tun daga Kano na riga na zaɓi ɓangare.

Mu uku ne a motar, ni da Hajiya da direbanmu Malam Ado, wanda ya yi wa shugabanni da dama tuƙi kuma yake ganin duk ya fi su sanin aikin. Ƙarshen damina ne, gefen titin Zariya duk kore. Kafin mu bar gari Hajiya ta kafa doka, ba a karɓar kyautar kowa, ko ƙwan zabi ne. Na ga yadda Malam Ado ya kalli but ɗin motar ta madubi kamar mai yi masa ta'aziyya.

Zangon farko Bebeji, can wajen Tiga inda ake noman rani. Shugaban shiyyar, Malam Tasi'u, mutum ne mai tsari. An share hanya, an jera kujeru, an kafa sabon allo a bakin gonar gwaji. Ni kuma don in nuna na san aiki, na je na jingina da allon ina gyaɗa kai ina duban shinkafa. Ashe fentin bai bushe ba. Haka na yini da farar shadda mai zanen kore a baya, kowa na kallo yana kau da kai.

Manoman Tiga sun iya yabo. Wani dattijo ya miƙe ya ce tun da aka tare ruwan nan ba a taɓa turo musu malamin gona irin wannan ba, ya kamata gwamnati ta ɗaga shi sama. Hajiya ta yi murmushi ta ce, "Baba, mene ne sunansa?" Dattijon ya juya ya dubi Malam Tasi'u sama da ƙasa, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ai mu Oga muke ce masa." Kifin da aka soya mana dai ba shi da laifi. Mu a birni in aka ce kifi, sai ka laluba miya kafin ka same shi. A nan kowa guda aka ajiye masa a faranti, da yaji a gefe, mai masaukin yana ba da haƙuri wai ba a samu manya ba.

A Kiru abin ya fi haka. Shugaban can har mai kalangu ya ɗauko, aka riƙa wasa shi tun daga bakin hanya. Hajiya ta saurara, ta zaga gonakin rake, ta yi tambayoyinta, ba ta nuna komai a fuska ba. Da muka fito Kwanar Ɗangora muka tsaya sayen tsire, sai wani wari ya fara tasowa daga bayan mota. Hajiya ta sa aka buɗe. Kifin Tiga ne cikin buhu, ya yini a rana. Malam Ado ya rantse bai san lokacin da aka saka ba, ya ƙara da cewa shi dai a iya saninsa kifi ba kyauta ba ne, abinci ne. Mai tsiren ma ya ƙi karɓa, sai rami aka haƙa masa.

A Tudun Wada muka kwana, a wani masaukin baƙi da ke da fanka amma babu wuta, da famfo amma babu ruwa. Da safe mai gadin ya kawo mini bokiti ya tambaye ni yadda na kwana. Na ce sauro ya yi mini rubdugu. Ya ce ai na yi sa'a, bana sun ragu. Karin kumallo kuwa waina ce ta shinkafa da miyar taushe, mai laushi irin wadda ban taɓa ci a birni ba, don Tudun Wada gari ne na shinkafa, ko'ina ka juya turara ta ake yi ko shanya. Hajiya ta shiga gidajen matan da ke wannan sana'a ta daɗe, mu maza aka bar mu a zaure muna gaisawa. Gaisuwar can ba irin tamu ba ce ta a ɗaga hannu a wuce. Sai an tambayi gida, da gajiya, da ruwa, da shanu. Na ce ba ni da shanu, aka yi mini addu'ar Allah ya kawo.

Shugaban shiyyar Tudun Wada dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, shi kuma ya sauƙaƙa wa kowa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni kada ki wahalar da kanki a kaina, na kusa sauka. In kina neman mutum, ki ƙarasa Doguwa ki ga yaron nan Haladu." Na ji daɗi har na kusa rungume shi.

Daga nan muka shiga dajin Falgore. A bakin dajin akwai shingen jami'an tsaro, suka leƙa, suka gaishe da Hajiya, ɗayansu ya dubi bayan rigata ya tambaya ko ni ne mai fentin hukumar. Don shaddar guda na taho da ita ta fita kunya, ɗayar rigar ta barci ce. Malam Ado ya hana a sauke gilashi saboda birai, ya ce sun taɓa ƙwace wa wani darakta hula. Ban yarda ba sai da na ga wani ƙato zaune a gefen titi yana kallon motoci kamar mai karɓar haraji.

Bayan mun fita daga dajin muka bar kwalta, muka nufi ƙauyen da Haladu ya ce mu same shi, can a gindin duwatsu, kusa da iyakar Kaduna. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, don sun roƙe ni. An yi ruwa da asuba, hanyar ta zama kunu. A wani ɗan rafi motar ta kafe, Malam Ado ya ba ta wuta, ta ƙara nutsewa. Na sauka in tura, laka ta riƙe takalmina na dama, har yau yana can. Wasu Fulani da ke wucewa suka tsaya, aka yi ta gaisuwa da rabin Hausa rabin Fillanci, sannan wani manomi ya kwanto shanun huɗarsa aka ɗaura wa motar gwamnati igiya. Haka hukumar aikin gona ta shiga garin, shanu na jan ta, babban jami'inta na biye da silifa ɗin aro.

Haladu ya tarye mu a kan babur ɗinsa. Ya rame, ya yi baƙi, furfura ta fito masa a gemu, alhali sa'ana ne. Bai share hanya ba, bai kafa allo ba. Ya dai zaga da mu gonaki, kuma ko ni da na manta rabin karatuna na san na ga masara. Layi a miƙe, goyo biyu-biyu, ganye kore shar. Hajiya tana tafe tana taɓawa. Na ce a raina an gama, saura manoma su sa albarka.

Aka taru a ƙarƙashin wata ɗorawa. Mai gari na nan, liman na nan, ga arɗon Fulani a gefe. Wanda aka wakilta ya yi magana shi ne Sarkin Noma, tsoho dogo mai ƙaramar murya. Ya yi sallama, ya yi wa Hajiya barka da zuwa, ya gyara tsayuwa.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "mun ji an ce kina neman wanda za a ba babbar kujera. To mu dai shawararmu, kada a ba wannan. Ba shi da daɗin zama."

Na ɗauka kunnena ne. Na dubi Haladu, na ga bakinsa a buɗe.

Sarkin Noma ya ci gaba. Ya ce mutumin nan ba ya barin kowa ya huta, kana cikin shan koko za ka ji babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya ce ya kawo musu shuka da igiya kamar masu ɗinki, kuma shi da kansa, Sarkin Noma guda, an sa shi ya tone layi ya sake shukawa a gaban jikokinsa. Wani ya karɓa ya ce idan takin gwamnati ya zo, Haladu bai san babba ba bai san yaro ba, ƙanin mai gari ma sai da ya bi layi. Arɗo ya ce Haladu ya bi rugage ya ƙwace jarkokin maganin feshi da matansu ke zuba nono, ya huda su duka. Wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya ta ce sau nawa tana aika masa kaza yana mayar mata, kuma wanda ya mayar maka da kazarka ai ya raina ka. Duk wanda ya gama sai ya dubi liman, liman ya gyaɗa kai, sannan ya zauna.

"A taƙaice," in ji Sarkin Noma, "ba ya ganin girman manya, kuma taurin kai gare shi. Irin wannan in aka kai shi birni, zai ba ku kunya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Hajiya ta sha faɗa mana a mota cewa ita abin da take nema a shugaba shi ne iya zama da jama'a, ga shi jama'a sun taru sun ce ba su iya zama da shi. Aka tashi salla, aka kawo tuwon masara da miyar karkashi da man shanu, abincin da a wata rana da sai na ci har na kasa tashi. Haladu ya sa hannu ya kasa kaiwa baki. Ya ce da ni a hankali, "Nasiru, mutanen nan na ɗauke su iyayena. Jiya ma tare muka ci abinci da Baba Sarkin Noma. Me na yi musu?" Sai na ce ya ci tuwo.

Bayan la'asar Hajiya ta ce a sake taruwa. Ta miƙe ta gode musu, ta ce ta ji kokensu kuma gwamnati ba za ta bar talakawa cikin wahala ba. "Tunda abin ya kai haka," ta ce, "gobe zan cire shi daga nan. Zan tura shi wata shiyya, in kawo muku wani."

Ashe duk shirin da suka yi, ba wanda ya kawo a ransa cewa wanda aka kai ƙara ma ɗauke shi ake yi. Mai gari ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Tsohuwar mai kaza ta ce, "Af, wa ya ce a cire shi?" Sarkin Noma ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi.

"Ranki ya daɗe, ba mu ce a cire shi ba. Cewa muka yi kada a ƙara masa girma."

"To me ya sa, Baba?"

Tsohon ya saki jiki ya faɗi gaskiya. Ya ce kafin Haladu an turo musu malaman gona nagari. Na farko, da manya suka zo rangadi, suka yabe shi, ba a rufa wata ba aka ɗauke shi aka kai birni. Na biyu suka ƙara yabo har da kiɗa, shi ma aka ɗauke. Wanda kuwa ba ya zuwa gona sai ranar rabon taki, shi ne ya daɗe har suka gaji da ganinsa. Sai suka gane cewa a aikin gwamnati, yabo shi ke raba ka da mutumin kirki. Da suka ji Hajiya na tafe, suka zauna suka yanke shawarar a kushe Haladu. Liman ya ce ya yarda, amma da sharaɗin ba wanda zai yi ƙarya, don haka suka yi kwanaki suna neman laifinsa na gaskiya. "Abin da muka samu ke nan, ranki ya daɗe," ya ce. "Mun sha wuya kafin mu haɗa su."

Malam Ado ne ya fara dariya, sannan kowa ya ɗauka, har Hajiya sai da ta rufe baki da mayafi. Haladu kaɗai bai yi ba. Hajiya ta juya ta ce masa, "Malam Haladu, ka ji iyayenka. Kai me kake so? Faɗi a gabansu."

Haladu ya ɗago ya dubi Sarkin Noma, ba Hajiya ba. "Baba, wallahi ban gaji da ku ba. Amma mahaifiyata ta tsufa, idonta ya tafi, da murya take gane ni. Ƙaramin ɗana kuma bai san ni ba, in na je gida gudu yake. Ina so in koma kusa da su."

Dariya ta ɗauke. Tsohon ya sunkuya ya ɗauki sandarsa, ya tsaya yana jujjuya ta. "Ba ka taɓa faɗa mana ba, ɗana," ya ce. "Mu kullum maganar gonarmu muke maka, ba wanda ya tambaye ka taka." Sannan ya dubi Hajiya. "Ranki ya daɗe, ki tafi da shi. Duk abin da muka faɗa gaskiya ne, kuma saboda su muke son sa. Amma ina da roƙo. Wanda za ki turo mana, kada ya zama rago, kada kuma ya cika ƙwazo. Ki nemo mana na tsaka-tsaki, wanda ba za ku yi kwaɗayinsa ba, ko ya zauna da mu."

Na ji maganar nan har cikin raina, don ni ne nake zaune a ofishin da ake buga takardun canjin wurin aiki, kuma ban taɓa tunanin yadda abin yake ga waɗanda aka bari a baya ba. A hanyar dawowa Malam Ado ya yi ta magana, yana cewa shi tun jawabin farko ya gano su.

Mako bai cika ba aka sanar cewa Haladu ne sabon daraktan malaman gona. Na yi murna kamar ni aka ba. Ina cikin murnar aka ce Hajiya na kirana. Na shiga na gaishe ta, ta ce in zauna.

"Malam Nasiru, ka ji roƙon da tsohon nan ya yi. Na duba hedikwatar nan kaf, na ga kana da takardar aikin gona, ba ka taɓa yin laifi ba, ba ka kuma taɓa ba kowa mamaki ba. An ƙara maka mataki. Kai ne sabon shugaban ofishin Doguwa."

Har yanzu ban san ko godiya ya kamata in yi ko fushi ba, na dai yi godiyar. Na fito na kira Haladu in zage shi, sai ya ce yana ƙauyen yana sallama, labarin naɗina ya riga ya isa can, ga Baba Sarkin Noma ma yana son magana da ni. Na ji ana miƙa wayar, sannan ƙaramar muryar nan ta yi sallama, ta tambayi gida da gajiya da ruwa.

"Kai ne mai takalmi ɗaya?" ya ce.

Na ce ni ne, Baba.

"To yaya ƙwazonka a wajen aiki?"

Na yi tunani na ga ba amfanin yi wa mutanen da ba sa ƙarya ƙarya. Na ce, "Daidai gwargwado, Baba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "In za ka taho, ka taho da iyalinka. Mun riga mun fara gyara muku gida."